Wasiƙun Masu Zane: Wanda Ya Tara Su Amana Ya Karɓa

  Yau za mu leƙa wata harka da ba kasafai ake jin labarinta a wajenmu ba, amma tana da babbar kasuwa a Turai da Amurka. Harkar ita ce tara wasiƙun da shahararrun masu zanen hoto na zamanin da suka rubuta da hannunsu. Akwai attajiran da ba su da abin so kamar wannan. Suna bin gidajen gwanjo daga Faris zuwa Landan. Suna takara da gidajen adana kayan tarihi. Takarda ɗaya tak, wadda ta tsufa har ta yi ja, takan yi kuɗin gida. Ra'ayin da zan kare a yau guda ɗaya ne, kuma za ku ji ina ta maimaita shi. Duk wanda irin wannan wasiƙa ta shigo hannunsa, amana ya karɓa. Kuɗinsa sun saya masa takardar. Labarin da ke cikinta kuwa na mutane ne baki ɗaya.

Bari mu fara da tambaya ta farko. Me ke cikin wasiƙun nan da har ake rububinsu? Mu ɗauki Vincent van Gogh, mutumin ƙasar Holan, wanda ya mutu a Faransa a 1890 yana da shekara 37. Yau zanensa na cikin mafiya tsada a duniya. A zamanin rayuwarsa kuwa da ƙyar yake sayar da wani abu. Ƙanensa Theo, wanda ke dillancin zane a Faris, shi ke aika masa kuɗin ci da sha kowane wata. Vincent kuma ba ya gajiya da rubuta masa wasiƙa. Wasiƙunsa sama da 800 ne suka tsira, kuma mafi yawansu ga Theo ya rubuta su. A ciki yana roƙon fenti da ƙyallen zane. Yana lissafin kuɗin haya. Yana faɗin littattafan da ya karanta. Yana bayanin abin da ya sa ya ajiye wannan launi kusa da wancan. Sau da yawa yakan zana ɗan samfurin hoton da yake aiki a kai a tsakiyar rubutun, don Theo ya gani da idonsa. Wanda ya karanta su ba zai ƙara yarda da tatsuniyar nan ta cewa mahaukaci ne mai watsa fenti barkatai ba. Ya yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa, wannan gaskiya ne. Amma wasiƙun sun nuna mutum mai karatu, mai tsara aikinsa, mai rubutu da harshen Holan da Faransanci, wani lokaci ma da Ingilishi.

Yanzu ku saurari misali guda, don shi ne hujjata mafi ƙarfi. A watan Oktoba na 1888, Van Gogh yana zaune a garin Arles, a kudancin Faransa. Ya zana ɗakin kwanansa: gado, kujeru biyu, ɗan teburi da taga. Ya rubuta wa Theo, ya lissafa masa launukan da ya sa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bangon ɗakin shunayya ne mai haske. To amma wanda ya je gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam a yau, ya tsaya gaban hoton, shuɗin bango zai gani. Me ya faru? Shunayya haɗin shuɗi da ja ne. Jan fentin da ya yi amfani da shi ba ya jure haske. Shekaru suka shuɗe, jan ya koɗe, shuɗin ya saura. Masu binciken sinadarai sun tabbatar da haka. Ashe hoton ya canza, wasiƙar ce ta riƙe ainihin abin da mai zanen ya nufa. Da an kulle wannan takarda a akwatin wani attajiri, ba wanda ya san abin da ta ƙunsa, da duniya ta rasa shaidar mai aikin kansa. Kun ga dalilin da ya sa nake cewa amana ce.

Mu matsa gaba, mu dubi waɗanda ba su yi sa'ar Van Gogh ba. Rembrandt, gwanin Holan na ƙarni na 17, wasiƙu 7 kacal aka sani nasa. Dukansu ga mutum ɗaya ya rubuta su, wato Constantijn Huygens, sakataren Yariman Orange. Maganar da ke cikinsu ta wasu hotuna ce da Yarima ya sa shi ya zana, da kuma batun biyan kuɗinsu. A cikin ɗaya ya ba da shawara a rataye wani hotonsa inda haske yake da ƙarfi, a kuma riƙa kallonsa daga nesa. Ɗan wannan bayani kaɗan masana suke ta jujjuyawa har gobe. Shi kuwa Johannes Vermeer, ɗan ƙasarsu, ko wasiƙa ɗaya tasa ba ta iso gare mu ba. Shi ya sa rayuwarsa ta zama duhu, sai abin da aka tsinta a takardun kotu da na bashi da na coci. Sai kuma Artemisia Gentileschi, 'yar Italiya, mace mai zane a zamanin da sana'ar ke hannun maza. A wasiƙun da ta aika wa wani attajirin Sisili mai suna Antonio Ruffo, muna jin ta tana ciniki, tana ƙin a rage mata farashi. Muna jin tana kukan cewa da an ji sunan mace sai a fara shakka kafin a ga aikin. Claude Monet na Faransa ma, kafin ya yi suna, wasiƙun neman rance ya sha rubuta wa abokansa. Masu sauraro, wannan shi ne tarihin sana'a daga bakin masu yin ta: haya, bashi, ciniki, tsadar kayan aiki. Hoton da ke rataye a bango ba zai gaya muku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ga tambaya ta biyu. Wa ya ajiye wasiƙun har suka kawo yau? A nan ne darasin yake. Theo mutum ne mai adana takardu. Vincent kuwa ba ya ajiya. Shi ya sa wasiƙun Theo da suka saura ba su wuce kimanin 40 ba. Hira ce ta mutum biyu, amma kusan muryar ɗaya kawai muke ji. Wata shida bayan mutuwar Vincent, Theo ma ya bi shi. Ya bar matashiyar matarsa, Johanna, da jinjiri, da tarin hotunan da babu mai so, da ɗaruruwan wasiƙu. Tana iya ƙone su. Tana iya sayar da su ɗaya bayan ɗaya lokacin da sunan yayan mijin nata ya fara tashi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna tana jera su, alhali da yawansu ba su ɗauke da kwanan wata. Ta yi haƙuri har sai da duniya ta san hotunan, sannan ta buga wasiƙun a 1914. Ɗanta ya gaji amanar. Ya miƙa tarin ga wata gidauniya a 1962, aka buɗe gidan tarihin Van Gogh a Amsterdam a 1973. A 2009, bayan aikin shekara 15, masana suka fitar da dukan wasiƙun tare da bayani, suka kuma sa su a intanet kyauta. Yau ɗalibi a Kano ko Damagaram zai iya karanta su a wayarsa.

Ku lura da abu biyu da Johanna ta yi. Ta bar wasiƙun a haɗe, sannan ta bari aka karanta su. Waɗannan su ne sharuɗɗan amanar da nake magana a kai. Wasiƙa ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin abu mai yawa. Sai an ajiye ta kusa da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta ake gane ranar da aka rubuta ta, da wanda ake nufi, da abin da ya tayar da maganar. Tarin wasiƙu kamar carbi ne. Idan zaren ya tsinke, kowa ya tsinci ƙwaya ɗaya ya sa a aljihu, ƙwayoyin suna nan amma carbin ya tafi. Abin takaici, kasuwa ta fi son a tsinke zaren, don sayarwa ɗaiɗai ta fi kawo riba. A ƙarni na 19 ma abin ya fi haka muni. Masu farautar sa hannun manyan mutane sukan sa almakashi su yanke sunan da ke ƙasan wasiƙa, su manna shi a kundinsu, su yar da sauran. Suka riƙe sunan, suka jefar da maganar.

To, na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ya kamata mu ba su hakkinsu. Ga suka ta farko. Wani zai ce, ai wasiƙa sirri ce tsakanin mutum biyu. Wa ya ba mu izinin buɗe ta? Wannan magana tana da nauyi, musamman a wajenmu da muka san girman rufin asiri. A 2015 an yi gwanjon wasiƙun soyayya 25 da Frida Kahlo, mai zane 'yar Meziko, ta rubuta wa wani masoyinta ɗan Sifaniya. Ba don idon duniya ta rubuta su ba. Amsata ita ce, riƙon amana ya haɗa da sanin lokacin buɗewa. Johanna da kanta ta cire wasu sassa da suka shafi sirrin dangi a bugun 1914, sai daga baya, da waɗanda abin ya shafa suka ƙare, aka mayar da su. Mijin Frida, Diego Rivera, ya sa an kulle takardunta da wasu kayanta a gidanta da ke birnin Meziko. Ba a buɗe ba sai 2004, shekara 50 bayan mutuwarta. Wannan hanya ce mai mutunci. A jinkirta, a nemi yardar magada, a kare masu rai. Abin da bai halatta ba shi ne a lalata takardar, ko a mayar da sirrin mamaci abin tallan da zai ɗaga farashi.

Ga suka ta biyu, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Wani zai ce, kana zargin kasuwa, alhali kasuwa ce ta ceci takardun nan. Abin da ba shi da farashi a juji yake ƙarewa. Da magada ba su ji cewa tsohuwar wasiƙa na yin kuɗi ba, da sun hura wuta da ita. Na yarda da wannan, ban kuma ce tara wasiƙu laifi ba ne. Tarihi ya ga masu tarawa na kirki. Frits Lugt, mutumin Holan, ya ƙare rayuwarsa yana tara zane-zane da wasiƙun masu zane. A 1947 ya kafa gidauniyar Custodia, wadda mazauninta ke Faris. Biyu daga cikin wasiƙun Rembrandt guda 7 suna can, kuma ƙofa a buɗe take ga masu bincike. Eugene Thaw, wani dillalin zane a New York, ya mallaki mafi yawan wasiƙun da Van Gogh ya rubuta wa abokinsa Émile Bernard, sannan ya miƙa su ga ɗakin karatu na Morgan da ke birnin. Waɗannan mutane sun kashe kuɗinsu, sun ji daɗin mallaka, sun kuma sauke amana. Sun haɗa abin da ya warwatse, sun buɗe wa mutane ƙofa.

Amma ku ji ɗaya ɓangaren. Idan aka ɗauki wasiƙa a matsayin jari kurum, ƙarshen abin ba ya kyau. A Faransa an yi wani kamfani mai suna Aristophil. Ya sayi tsofaffin takardu sama da 100,000, har ya buɗe gidan nuna su a Faris. Ya riƙa sayar wa talakawa da 'yan fansho hannun jari a cikin takardun, da alkawarin riba mai tsoka kowace shekara. Mutane kimanin 18,000 suka zuba kuɗinsu. Akasarinsu ba su taɓa karanta takardun da aka ce nasu ne ba. A ƙarshen 2014 'yan sanda suka dira a ofisoshin kamfanin bisa zargin damfara. Shekarar da ta biyo baya ya durƙushe. Daga 2017 aka shiga gwanjon tarin kashi-kashi, kuma farashin da aka samu ya gaza abin da mutane suka biya nesa ba kusa ba. Masu jari suka yi asara, tarin ya watse. Tsadar takarda tana kuma jawo ɓarayi. A 1997 an sace wata wasiƙar gwanin zane Michelangelo daga ma'ajiyar takardu ta fadar Paparoma, kuma a 2015 wani ya fito yana neman kuɗin fansa kafin a mayar da ita. Saboda haka farashi yakan ceci takarda daga juji, amma ba shi ne ke tsare ta ba. Mai riƙon amana ne ke tsare ta.

Sai suka ta uku, wadda matasa za su fi yi. Za su ce, yanzu da akwai kwamfuta, a ɗauki hoton wasiƙar a sa a intanet, shi ke nan. Me za a yi da tsohuwar takarda? Hoton yana da amfani ƙwarai, kuma shi ne hanyar da yawancinmu za mu bi mu karanta. Hasali ma yana kare ta asalin, don haske yana koɗar da tawada, kuma tsohuwar tawadar Turawa mai sinadarin ƙarfe takan ci takarda a hankali. Shi ya sa gidan tarihin Amsterdam ke ajiye wasiƙun Van Gogh a duhu, ba ya fito da su sai jefi-jefi. To amma takardar kanta shaida ce. Irin takardar, da tambarin masana'antar da ke ɓoye a jikinta, da irin tawadar, da hatimin gidan waya, da yadda aka naɗe ta, duk suna taimakawa wajen gane lokacinta da sahihancinta. Kuma 'yan jabu ba sa barci. A Faransa, tsakanin 1861 da 1869, wani mai suna Vrain-Lucas ya sayar wa Michel Chasles, babban masanin lissafi, wasiƙun bogi kimanin 27,000. A ciki har da wadda aka ce Sarauniya Kiliyofatara ta Masar ta rubuta wa Juliyas Kaisar, kuma da Faransanci! Son abu ya rufe wa malamin ido. An ɗaure ɗan jabun a 1870. Maganin irin wannan shi ne a riƙe ta asalin, a san salsalarta, daga hannun wa ta fito zuwa hannun wa, a kuma bar masana su duba ta. Takardar da aka ɓoye ba a iya tantance ta.

Bari in haɗa muku zaren maganar da labari ɗaya. A farkon Nuwamban 1888, Van Gogh da mai zane Paul Gauguin suna zaune gida ɗaya a Arles. Suka haɗu suka rubuta wa Émile Bernard wasiƙa guda, kowa da nasa ɓangaren. Ita ce kaɗai aka sani Van Gogh ya rubuta tare da wani mai zane. 'Yan makonni bayan nan zaman nasu ya lalace, har Van Gogh ya yanke kunnensa. Wannan takarda ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har ta faɗa cikin tarin Aristophil. A watan Yunin 2020 aka yi gwanjonta a Faris. Gidauniyar Van Gogh ta saye ta a kan Yuro sama da 200,000, ta kai ta Amsterdam, inda ɗaruruwan wasiƙunsa suke. Takarda ɗaya ce, ta ɗanɗana hannu iri biyu. A hannun farko lamba ce a littafin jari. A hannu na biyu ta koma cikin jerin da zai ba ta ma'ana, inda kowa zai iya sanin abin da ta ce.

Daga ƙarshe, masu sauraro, ga kalmata gare ku. Mu ba baƙin adana rubutun hannu ba ne. Gidajen malamai da na sarauta a ƙasar Hausa cike suke da tsofaffin wasiƙu, kuma cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna sun daɗe suna tattara su. Muna kuma da namu masu zanen. A Zariya ne, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Najeriya, kuma tsangayar zane ta garin ta yaye gwanaye masu yawa bayansu. Wata rana masu bincike za su nemi takardun irin waɗannan mutane. Idan akwai wasiƙun wani mai zane, ko magini, ko malami, ko ma na kakanninku a cikin adakar gidanku, ku bar su a haɗe yadda kuka same su. Ku nisanta su da rana, da laima, da gara. Kada ku manna musu salatif, kada ku naɗe su da roba mai zafi. Ku rubuta a wata takarda daban wanda ya rubuta su da yadda suka zo hannunku. Ku ɗauki hotonsu da waya. Idan mai bincike na gari ya zo, kuma dangi sun yarda, ku bar shi ya karanta. Idan kuwa buƙata ta sa dole ku sayar, ku nemi wanda zai riƙe su gaba ɗaya. Duk wanda wasiƙa irin wannan ta shigo hannunsa, amana ya karɓa. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.